Kafin Hanyar Abano Ta Rufe

"Na ce ba zan shiga wannan akwatin ba, ko ana dole ne?"

Baba Otar ya faɗi haka yana nuna motar Beso da bakin sanda, kamar wanda ya tarar da mushe a ƙofar gidansa.

Tsisana ta dire jakar da ke hannunta. Tun safe take fama da mahaifin nata, har muryarta ta fara dushewa.

"Baba, don girman Allah! Kowa ya sauka. Dubi ƙauyen nan, gida nawa ne ke hayaƙi? Namu kaɗai!"

"To sai me? Hayaƙin ya dame ki ne?"

"Cewa ake nan da kwana biyar dusar ƙanƙara za ta sauko. In hanyar Abano ta rufe, sai Yuni fa... wata bakwai har da ɗoriya!"

"Tun ba a haifi uwarki ba nake ƙirga watannin nan, ba ke za ki koya min ba."

Kai, tsohon nan da taurin kai yake! Duk yankin Tusheti an san shi da haka. Mutanen duwatsun nan a sama suke cin damina da tumakinsu, da Oktoba ta kama sai kowa ya ɗaure kaya ya gangara garin Alvani da ke kwari, don hanya ɗaya ce tal, in ta toshe kuwa ko tsuntsu sai ya yi shawara. Shekara da shekaru Baba Otar yana sauka kamar kowa. Amma tun da aka binne matarsa a bayan ƙauyen, shekara biyu ke nan, sauka ta zame masa kamar cire haƙori. Bara da kuka Tsisana ta sauko da shi. Bana kuwa saura mako biyar bikinta, kuma ba ta da kowa a duniya sai shi.

Beso, angon da ake jira, yana jingine da motar yana wasa da makulli. Direba ne mai hawa da matafiya duwatsu, ɗan wani ƙauyen masu inabi a can kwari, a bakin kogin Alazani. Ya yi gyaran murya.

"Kawu Otar, kujerar gaba na tanadar maka. Ko girgiza ba za ka ji ba."

"Wa ya sa da kai, ɗan kwari? Ku da ba ku san komai ba sai matse inabi da ƙafa!"

"Ai ƙafar ce za ta taka maka birki, Kawu."

"Ji shi! Bakinsa kamar na tsohuwa."

Tsisana ta fashe da kuka, abin da ba ta yi niyya ba. "Wa zai tsaya min ranar biki? Inna ba ta nan, kai ma ka ce ba ka nan? Wallahi in ba ka sauka ba, ni ma ba inda za ni. A ɗaga bikin!"

Tsohon ya tsura mata ido. Ya yi tari, irin busasshen tarin nan da ya addabe shi tun bazara, ya goge baki da hannun riga. Can ya juya wajen Beso.

"Kai, ɗan kwari. Biyo ni."

Suka nufi khati, tulin duwatsun nan mai tsarki da ke saman ƙauye, da gicciye da ƙahonin raguna a kansa. Tsisana ta bi bayansu har bakin farin dutsen da mata ke tsayawa, ta ja birki. Tun tana yarinya ta san iyakarta ke nan, mace ba ta wuce wurin, ko da kuwa gidansu ne ke cin wuta.

Daga nesa take hango su, ba ta jin komai sai iska. Ta ga Baba yana magana, yana magana. Ta ga Beso ya ja da baya yana girgiza kai. Ta ga tsohon ya damƙe masa wuyan hannu, ya ɗora tafinsa a kan dutsen, ya daɗe bai saki ba. Daga ƙarshe suka sha giyar sha'ir a ƙaho ɗaya.

Ta yi murmushi cikin hawaye. A ranta ta ce, Baba yana ja masa kunne ne a kaina, irin na iyaye.

Da suka dawo, Baba Otar ya ce, "To, kin ci nasara, 'yar rigima. Zan sauka."

"Baba!"

"Amma ba a akwatin nan ba. Jibi Zakro, ɗan ƙanina, zai taso da tumakinsa, zan bi su a kan dokina kamar yadda na saba. Kwana uku muna Alvani. Ku ku wuce gobe da kaya."

Ta rungume shi tana dariya tana kuka. Ba ta lura cewa Beso ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa ba. Da ta lura ma, da ta ce kunyar suruki ce.

Da rana mazan suka ɗauki shebur da diga, wai katangar makabarta ta zube, za su ɗan tayar kafin sanyi. Ita kuwa ta shiga haɗa kaya tana waƙa. A rumfar baya ta ci karo da busasshen naman rago jere a igiya, ga itace an tara har rufi. Da Baba ya dawo ta tambaye shi.

"Wannan uban naman fa? Da itacen?"

"Na Ilo ne," in ji shi, bai ko kalle ta ba. Ilo tsoho ne a ƙauyen da ke tsallaken rafi, yana cikin 'yan tsirarun da ba sa sauka ko da wane irin sanyi. "In nasa ya ƙare ya zo ya kwasa."

Ta ce to. Mai murna ba ya bincike.

Washegari da hantsi ta gasa kotori, burodin nan mai cuku a ciki, siriri yadda Baba ke so. Ya ci rabi ya ture. A bakin mota ya riƙe fuskarta da hannu biyu, ya daɗe yana kallonta har ta tsargu.

"Baba, kwana uku ne fa."

"Na sani. Kamanninki da uwarki ne ke ba ni haushi." Ya sumbaci goshinta. "Ciwonki ya dawo kaina, 'yata. Je ki."

Sannan ya buga jikin motar da sanda. "Kai kuma, in ka jefa min 'ya a rami, har lahira sai na biyo ka!"

Beso ya shiga ya ja ƙofa. Ya tayar da mota kawai.

Hanyar Abano ba wurin hira ba ce, kowa ya sani. Dutse a hannun dama, rami a hagu, faɗinta bai fi mota ɗaya ba. Amma Beso mutum ne da ko a nan ba ya rufe baki, yakan ba fasinja labari har su manta da tsoro. Yau shiru. Dazuzzuka sun yi ja da rawaya, ruwa na zubowa daga saman dutse yana dukan gilashi, Tsisana na ta zuba ita kaɗai, zancen riga, zancen baƙi, zancen inda za a zaunar da Baba.

Can idonta ya faɗa kan hannunsa a sitiyari.

"Wayyo, Beso! Me ya sami tafinka?"

Duk ya yi bororo, wasu sun fashe, ya naɗe da tsumma.

"Katanga ce."

"Katanga ce za ta yi maka haka? Kai da gaske ɗan kwari ne!" Ta kamo hannun ta hura masa. "Sannu, hasken idona. In mun isa zan shafa maka man shanu."

Ya janye hannun a hankali. "Bari in riƙe mota, Tsisana."

A can ƙololuwa, inda iska ke yanka kunne, ya tsaya ya fita. Ya juya yana kallon bayansu, duwatsun Tusheti jere har iyakar gani, baƙin hadari na taruwa a kansu. Ta same shi a tsaye idonsa jawur.

"Lafiya?"

"Iska ce." Ya goge ido. "Tsisana... in da a ce na yi miki wani laifi babba..."

"Wace ce? Baturiyar nan mai jan gashi da ka hau da ita a Agusta?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Shiga mu tafi."

Da la'asar suka sauko kwari, zafi ya tare su kamar an buɗe tanda. Ana tsakiyar tsinkar inabi, motoci cike da kwanduna, ƙudan zuma na bin su, ko'ina ƙamshin ruwan inabi da hayaƙin gashi. Gidan su Beso suka fara zuwa. Mahaifiyarsa, Darejan, ta fito da gudu hannunta duk kunun inabi, tana tsoma igiyoyin gyaɗa a ciki tana ratayewa su bushe, alawar biki ke nan.

"Amaryata! Dubi yadda dutse ya ramar min da ke! Zauna, zauna. Ina tsohon rigimammen?"

"Yana tafe da tumaki, Inna. Kwana uku."

"Allah ya kawo shi. Na ware masa tulun giyar inabin da uban Beso ya binne ranar da aka haife shi, shi zai fara ɗanɗanawa, ya ga ko mutanen kwari sun iya wani abu!"

Aka cika tebur, aka ci, aka yi waƙa. Beso ko loma uku bai yi ba.

Tsisana ta koma gidansu na Alvani ta share ɗakin Baba, ta shanya bargonsa, ta sayo masa maganin tari. Ran kwana na biyar da saukowarta, da safe, ta ji ƙararrawar tumaki. Ta fito ba ko ɗankwali. Titi ya cika maƙil, tumaki dubu, karnuka, dawaki da kaya, makiyaya sun yi baƙi da gajiya. Tana ta ɗaga wuya.

Sai ga Zakro, ɗan ƙanin Baba, yana jan wani doki fari. Dokin Baba ne. Sirdi a ɗaure, jakunkuna a rataye, ba kowa a kai.

"Zakro... ina Baba?"

Zakro ya cire hula. "Ya raka mu har bakin rafi, ya miƙo min linzami. Ya ce in kawo miki. Cuku ne a ciki, na bikinki, da safar da innarki ta saƙa."

"Ina Baba na ce!"

"Yana gida, Tsisana. Ya ce dama ba da shi za a sauko ba. Na ɗauka kin sani..." Ya miƙa mata linzamin. "Da ƙyar muka tsallako. Dusar ƙanƙara a bayanmu take, jiya ta rufe Abano ruf."

Ta zube ƙasa. Tana durƙushe a tsakiyar titi, tumaki na ratsa ta hagu da dama, sai ta ga Beso tsaye a bakin ƙofar gidansu. Ko mamaki babu a fuskarsa. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ta miƙe ta nufe shi.

"Ka sani."

"Tsisana..."

"Ka sani! Kalle ni ka ce ba ka sani ba!"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun a khati." Ya sunkuyar da kai. "Ba shi da lafiya, Tsisana. Tun bazara likita ya gaya masa a asibitin Telavi, huhunsa ne, ba zai ga wata bazarar ba. Ya ce ba zai mutu a gadon asibiti a binne shi a kwari ba, kusa da innarki yake so. Ya ce in kin sani za ki zauna, ki kalle shi yana ƙarewa wata da watanni, ba likita, ba mai taya ki, daga ƙarshe ki rage ke kaɗai da gawa a cikin ƙanƙara. Ya sa na ɗora hannu na rantse zan sauko da ke, kuma ba zan buɗe baki ba sai hanya ta rufe."

"Ka rantse..."

"A khati ne, Tsisana! Na ƙi, wallahi na ƙi, ya ce in ban yi ba bai ba ni ke ba, kuma bai yafe..."

"Sai ka zaɓi a ba ka ni!" Ta daki ƙirjinsa da hannu biyu. "Awa shida ina gefenka ina zancen riga! Awa shida! A ƙololuwa ka tsaya, da ka juya motar da yanzu ina wurinsa! Ubana ne, Beso! Ni ya kamata in zaɓa, ba kai ba, ba shi ba! Kun je inda ba zan iya takawa ba kun yanke min rayuwa!"

"Ki yafe min, rabin raina..."

"Kar ka ƙara kirana haka."

Ta zare zoben ta saka masa a tafin nan mai ciwo, ta shige gida ta rufe ƙofa. Ranar har maƙwabta sai da suka yi kuka don jin nata.

A ƙauyen nasu na kan dutse waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu. Ranar Lahadi da tsakar rana wayarta ta yi ƙara.

"'Yar rigima."

"Baba! Baba, me na yi maka? Me ya sa..."

"Kar ki cinye min batir da kuka. Cukun ya iso?"

"Zan zo. Jirgi mai saukar ungulu na masu tsaron iyaka yana hawa duk mako biyu, na ba da sunana."

"In kika hau shi ba zan buɗe miki ƙofa ba." Ya yi tari mai tsawo. "Ina ɗan kwari?"

"Ban sani ba. Na mayar masa da zobensa."

"Kin yi wauta. Yaron nan..." Iska ta kwashe sauran.

Haka suka yi Lahadi shida. Kullum muryar na ƙara sirancewa, kullum sai ya ba ta labarin abin da ya gaya wa innarta a makabarta, kamar wadda ke zaune tana jinsa. Ranar da aka sa za a yi biki ta zo ta wuce, igiyoyin gyaɗar Darejan suka bushe a rataye. Sau uku Tsisana na ɗaukar jaka ta je jiran jirgi, sau uku hadari na rufe duwatsu a ce a koma gida. Duk zuwan da ta yi tana hango motar Beso a nesa, bai matso ba, ita ma ba ta nuna ta gan shi ba.

A Lahadi ta shida, numfashinsa kawai take ji.

"Tudun nan ya ƙara tsawo, 'yata."

"Baba, kar ka ƙara hawa. Ka zauna a ɗaki, ni dai in san kana nan."

"In ban hau ba ta ina zan ji muryar uwarki?" Ya ɗan yi dariya. "Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kike. Je ki ci."

Lahadi ta bakwai ta zauna da waya a cinya tun safe har rana ta faɗi. Ba ta yi ƙara ba. Ranar Talata aka kira, muryar tsoho Ilo ce. Bai yi dogon bayani ba, ya ce ya ga hayaƙi ya ɗauke ne ya tsallako, ya same shi a gado da hularsa a ƙirji, kuma ya kwanta kusa da matarsa yadda ya so.

Sanyin bana Tsisana ba ta san yadda ya wuce ba. Ta sa baƙaƙen kaya, ta rame har zobe ma da yana nan da ya zube. Kowace Asabar takan tarar da itace a fashe a ƙofar gida, wani lokaci da tukunyar miya a naɗe da tawul ɗin Darejan. Itacen takan ƙona, don sanyi ba ya jin fushi. Amma ba ta taɓa leƙawa ta ga mai kawowa ba.

Farkon Yuni aka ce an share hanya. Tun da sassafe ta isa mahaɗar da motocin dutse ke lodi, da jakarta da kyandir na makabarta.

"Akwai wuri?"

"Ayya, 'yar Otar, na cika."

Ta dubi motar, mutum biyu ne a ciki. Ta matsa ta gaba.

"Tawa birkinta na wasa, ban yarda in ɗauke ki ba."

Na uku ma ko kunya babu ya ce shi yau ba ya jin hawa, alhali injinsa na kunne. Direbobin nan bakinsu ɗaya, munafukai! A can ƙarshen layi motar Beso ce, ba kowa a ciki, ƙofar gaba a buɗe. Ya rame shi ma, gemu ya cika masa fuska.

Ta shiga baya ta ja ƙofa. Ya tayar da mota.

Haka suka hau, awa shida ba wanda ya yi tari. Ƙanƙara tsaye hagu da dama kamar bango, ruwa na malala a hanya, furanni sun fara leƙowa a gangare. Duk abin da ta gani sai ta tuna bara tana wannan wurin tana zancen riga, sai ta kau da kai ta ciji leɓe.

Ƙauyen shiru, gidansu a rufe. A rumfar baya naman nan yana rataye, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a ci ba. Nan ta fara kuka.

Ilo ya tsallako da sandarsa ya kai ta makabarta. Kabari biyu gefe da gefe, sabon an jera masa duwatsu tsaf. Ta durƙusa ta kunna kyandir, ta kifa goshi a ƙasa.

"Baba, na zo... ka ce ba za ka buɗe min ƙofa ba, ga shi kuwa ba ka buɗe ba..."

Sai da ta yi mai isarta, sannan ta ɗago ta dubi tsohon. "Kawu Ilo, da me zan biya ka? Kai kaɗai, a watan Disamba, ƙasa kamar ƙarfe... yaya aka yi ka haƙa?"

"Ni?" Ilo ya girgiza kai. "'Yata, ni da ko guga ba na iya ɗagawa? A haƙe na same shi, an rufe da katako. Tun Oktoba aka haƙa, kafin ƙasa ta daskare. Ni dai na ja shi a kan fata na kwantar, na tura ƙasa."

"Wa ya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi katangar makabartar. Tana nan yadda take tun tana yarinya, gansakuka ta lulluɓe ta, ba dutse ɗaya da aka taɓa.

"Otar ya ba ni labari," in ji Ilo. "Ya ce yana zaune a nan yana nuna masa tsawo da faɗi, yaron na haƙa yana kuka kamar mace, yana roƙonsa ya janye rantsuwar. Ya ce masa, Kawu, za ta tsane ni. Otar ya ce, na sani, shi ya sa na zaɓe ka, kai za ka iya ɗauka." Tsohon ya share ido da hula. "Ya bar miki saƙo. Ya ce in gaya miki laifin nasa ne, ki zo nan ki zage shi son ranki, ba zai rama ba. Amma wanda ya haƙa wa ubanki kabari da hannunsa, ya yarda ya rasa ki don kar ki ga yadda ubanki zai ƙare a ɗakin nan, kar ki bar shi a tsaye a waje."

Ta waiwaya. Beso na can bayan katanga, hula a hannu, bai shigo ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Fushin yana nan, ba ta ce ya tafi ba, wata bakwai ba sa narkewa a rana ɗaya. Amma ta miƙe ta je, ta kamo hannunsa ta juya tafin. Bororon ya warke, ya bar tabo fari-fari.

"Katanga ce, ko?"

Hawaye suka zubo masa. "Tsisana, kullum sai na juya motar nan a ƙololuwa, a mafarki. Kullum."

"Da ka juya da na riƙe hannunsa."

"Na sani."

"Ba zan taɓa samun wannan ba, Beso. Har in mutu."

"Na sani..."

Ta ja shi ciki, har gaban kabarin. Ta ɗora tafinsa a kan sabon dutsen, ta danne da nata, yadda ta hango an yi masa daga nesa.

"Can kun je inda ba na iya takawa. Nan kuwa ina da iko, uwata ce da ubana. Rantse min. Komai ɗacinsa, komai wanda ya roƙe ka, ba za ka ƙara ɓoye min abin da yake nawa ba."

"Na rantse."

"Da ƙarfi, Baba kunnensa ya yi nauyi."

"Na rantse, Kawu Otar!" Muryarsa ta karye, ya zube a gwiwa yana kuka kamar ransa zai fita.

Ta bar shi ya yi, don ta lura shi ba wanda ya yi wa ta'aziyya. Sannan ta buɗe jaka ta fito da kotorin da ta gaso tun asuba, siriri yadda Baba ke so. Ta gutsura ta ajiye a kan kabarin, ta ba Ilo, ta riƙe sauran a hannu tana share fuska da bakin mayafi.

"Tashi ka ci, ɗan kwari," ta ce, sai muryarta ta fito sak irin ta tsohon, har ita kanta ta razana. Ta toshe baki, kukan ya dawo mata sabo.